Wayar Oga Celestine Ta Je Giwa

Da cika baki sana'a ce, da tuni Oga Celestine ya gina bene a Sabon Gari. Kayan gyaran janareto yake sayarwa a wani shago da bai fi ɗakin gwauro ba, amma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ke ba rabin Zariya wuta. A nan aka haife shi, a nan ya yi tumbi, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano. Babu abin da bai sani ba. In ka ce kanka ke ciwo, ya san maganin. In jirgin sama ya wuce, ya san direban.

Tumbin ne ya haɗa shi da keke. Likita ya auna jininsa, ya dube shi, ya sake aunawa, sannan ya ce wa matarsa Ukachi, wadda kowa ke kira Maman Dabere, ko dai mijinta ya fara motsa jiki, ko ita ta fara neman telan baƙaƙen kaya. A makon nan ta sayo keke, ta tasa mijin a gaba, ta damƙa shi ga ƙungiyar Rage Tumbi.

'Yan ƙungiyar nan 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata. Kowace Asabar sukan taru a gaban kyamis ɗin sakatarensu Babatunde, wanda ake ce wa Dokta, su taka zuwa Samaru, masu ƙarfin hali su zarce Shika. Dukiyar ƙungiyar kaf usur ne guda ɗaya mai jar igiya. Kyaftin ke rataya shi, shi ke shiga gaba ranar Litinin ɗin Ista, lokacin da duk Sabon Gari kan fito bakin titi kallo. A bana kyaftin ya koma Legas ya bar usur a jikin ƙusa. Dokta ya yanke hukunci: duk wanda ya fi kowa tara kilomita a cikin azumin nan na kafin Ista, kuma na'ura ta shaida, usur nasa ne.

Tun ranar Celestine bai ƙara shiga kyamis ya fito ba tare da ya ɗaga kai ya dubi ƙusar nan ba. Yana son usur ɗin nan har cikin ransa. Har ya gama ganin kansa a gaba, kumatu a cike, maƙwabtan da ke ce masa Mai Tulu suna tafa masa.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro, Malam Othniel, tsohon malamin lissafi daga Samaru, siriri kamar sillen kara, wanda ba ya gudu kuma ba ya tsayawa. 'Yarsa Jemimah ta aiko masa da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a kan keke, mita suke ce mata. Celestine ya zagaya ta, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa.

"Malam, wannan kwalin ashanar fa?"

"Mita ce, Oga Cele. Tafiya take ƙirgawa."

"Tana kira?"

"A'a."

"Tana ɗaukar hoto?"

"A'a."

"Waƙa fa?"

"Ko tari ba ta yi."

"To zaman me take yi a gidanka?"

"Zaman lafiya," in ji Malam Othniel. "In na yi mata caji yau, sai wani makon."

Celestine ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya zaro wayarsa, mai faɗin faranti, ya ɗaga ta sama don na baya su gani.

"Ku dubi nan, jama'a. Wannan da tauraron ɗan'adam take magana baki da baki. Akwai manhaja a ciki da ke zana duk inda na taka. Ta san gangare, ta san hawa, ta san ramin da gwamnati ma ba ta san da shi ba. Mutum yana da giwa a aljihu, zai je ya sayo ɓera? Dokta, ka goge min usur ɗin nan da sifirit, ba na son yawun wani."

Asabar ta farko ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe wayar a kan keken, ya yi mata ɗaurin goro. Tafiya ta yi daɗi har gangaren Kwangila. Nan waya ta ɗauki ruri. To, ɗan kasuwar Sabon Gari yana iya ƙin amsa kiran surukinsa, amma ban da na mai saye. Celestine ya danna, ya sunkuyar da kai har kunnensa ya taɓa gilashin.

"Kafireto? Akwai! Na asali, ba irin na maƙwabcina ba. Ka ce nawa? Haba Alhaji, ka ƙara dai..."

Bai ji abin da Alhaji ya ƙara ba, domin a daidai nan ya shige cikin baron wani mai rake. Rake ya watse a titi, keke ya kwanta, Celestine ya zauna daram a tsakiyar ɓawo.

Mai rake ya dube shi ya ce, "Oga, in rake kake so, ai da ka tsaya ka yi magana."

Da 'yan ƙungiya suka iso, sai suka tarar yana yi wa mai raken bayanin yadda ake ajiye baro a ƙasashen da suka ci gaba.

Asabar ta biyu ya rufe bakin wayar, ya ce yau sai Shika. Kuma ya je, wannan kam gaskiya ce, ya je yana haki kamar zai amayar da huhunsa. Sai dai ranar bazara ba ta san manhaja ba. Tun daga Samaru wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, ta rubuta wani dogon Turanci, ta ɗauke. Da ya dawo ya miƙa wa Dokta ita da alfahari, Dokta ya kunna, ya gyara tabarau.

"Oga Cele, nan ta nuna ka tsaya a kasuwar Samaru."

"Wace Samaru? Har gaban asibitin Shika na je! Na sha fiyawota a can!"

"Ina ledar?"

"Dokta, ni za ka tambaya leda?"

"Abin da na'ura ba ta gani ba, ƙungiya ba ta gani ba. Kai ka goyi bayan dokar, har ka ce a rubuta ta da jan biro."

Malam Othniel ya ciro 'yar mitarsa, ya miƙa, aka rubuta, ya mayar da abarsa kan keke. Wannan natsuwar tasa ta fi zagi ciwo.

Daga nan Celestine ya shiga aikin injiniya. Zafi ne matsalar? Ya ɗaura ledar fiyawota mai sanyi a bayan wayar. Leda ta fashe a ramin farko, waya ta sha ta ƙoshi, sai da ta kwana biyu a cikin buhun shinkafar Maman Dabere kafin ta farfaɗo. Caji ne matsalar? Ya ɗauko batirin babur ya ɗaure a kariya, ya jawo wayoyi ja da baƙi ta ƙarƙashin sirdi. Rana kuma ya yi maganinta da lemar da matarsa ke zuwa coci da ita, ya kafa ta a gaba, ta yi wa wayar rumfa.

Ranar da ya fito da wannan haɗin, duk layin ya tsaya. Mai wanki da guga ya ajiye dutse ya ce, "Oga Cele, shago za ka buɗe a kan keken?"

Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga. "Papa Dabere, abeg, in za ka tashi sama ka gaya mana mu kwashe shanya."

"Ku yi dariya," in ji shi. "Haka aka yi wa wanda ya ƙera jirgi."

Bakin matar nan kamar ta gani a mafarki. A Palladan wata tirela ta wuce shi da gudu, iskarta ta shiga ƙarƙashin lema, lema ta ja keke, keke ya ja Celestine, su duka suka sauka a kwata. Ruwan batir ya tsiyayo ya cinye bayan wandonsa tas. Haka ya turo keken har gida, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya yana riƙe da ragowar lemar a bayansa.

Azumi ya raba tsakiya, Malam Othniel ya yi nisan da ko ƙurarsa ba a gani. Wata safiya Celestine ya fita da niyyar Shika, cinyoyinsa suka ce ba da su ba. Ya karkata cikin wani lungu a Palladan inda wata mata ke sayar da farfesun kan akuya, ya jingine keke, ya zauna yana jinyar zuciyarsa da romo. Yana cikin tsotsar ƙashi sai ga wani mutum ya wuce a kan tsohon keke, da akwatin katako a baya wanda ya fi shi tsawo, cike da burodi. Ƙafafunsa kamar an sassaƙa su da icen maɗaci. Ko haki ba ya yi.

"Wane ne wancan?"

"Tanimu mai burodi," in ji mai farfesu. "Kullum sai ya zaga Bomo da Basawa da ƙauyukan bayan Shika kafin azahar."

"Kullum?"

"Har ranar Sallah."

Celestine ya ajiye ƙashin a hankali. Manhaja dai ba ta san fuska ba. Ba ta san ƙafar wa ke taka feda ba. Keke ta sani, da gudun keke, ga kuwa keke.

Washegari ya tare Tanimu a bakin lungun, ya sha kunu irin na manyan ma'aikata.

"Malam Tanimu, wani kamfani ne ya ba ni aikin auna ƙarfin sabis ɗin waya a ƙauyuka. Aikin sirri ne. Wannan injin za ka riƙa sa shi cikin akwatinka, ka zaga da shi, ka dawo min da shi nan. Kada ka taɓa, kada ka nuna wa kowa. Nawa zan riƙa ba ka?"

Tanimu ya ja baya kamar an miƙo masa wuta. "Haba Oga, saƙo ne fa. Ni da nake kai wa mutane magani da ɗinki har ƙauye, yaushe na taɓa karɓar kuɗin saƙo? Sai dai in burodi ya yi kwantai ka taimaka ka saya."

"Duk abin da ya rage nawa ne," in ji Celestine, ya bugi ƙirji.

Abin nema ya samu. A cikin akwatin nan, ƙarƙashin burodi, wayar ta sami abin da mai ita ya kasa ba ta, wato inuwa da kwanciyar hankali. Ba zafi, ba faɗuwa, ga fawa bank a gefenta yana ba ta caji. Kullum da safe Celestine zai fito da kayan tsere, ya ɗaga wa maƙwabta hannu, ya taka zuwa Palladan, ya miƙa waya, ya zauna gaban kwano. Kafin azahar Tanimu ya dawo. Celestine ya kwara wa kansa ruwa a ka da hammata, ya koma gida yana ɗingishi.

Kilomita suka fara hawa kamar farashin fetur. Guruf ɗin ƙungiya na waya ya cika da hoton tafi da na wuta. Sai dai burodi ma ya fara hawa. Ashe kwantan Tanimu ba kaɗan ba ne, musamman da ya san akwai mai saye. Burodi a kan firij, burodi a kan talabijin, burodi a cikin kwabar kwanuka. Aka ba maƙwabta har suka fara rufe ƙofa in sun hango shi da leda.

"Baban Dabere, wannan burodin na mene ne?" in ji matarsa.

"Abincin 'yan tsere ne. Ba ki san kimiyya ba."

Ba ta ja ba. Ita dai murna take yi mijinta ya kama hanyar lafiya. Kullum da yamma sai ta dafa ruwa, ta durƙusa ta gasa masa ƙafafu da tawul, ta shafa man zafi, shi kuwa yana nishi yana ba ta labarin hawan da ke bayan Shika. Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Mutum na cin wannan uwar tafiya, amma ga shi ta sake kai wandunansa wajen tela a buɗa ƙugu.

Dokta ma ya yi nasa tsokacin. Ya baza taswirar a wayarsa ya ce, "Oga Cele, tafiyarka tana da kyau, amma me ya sa kake tsayawa a gaban kowane mai shayi? Na ƙirga har na gaji."

"Wannan shi ake kira horon taka-ka-tsaya. Manyan 'yan tseren duniya haka suke yi. Zuciya ce ake ba mamaki."

"Har da shiga bayan masallacin Bomo?"

"Akwai hawa mai kyau a wajen."

Malam Othniel ya dubi tumbin, ya dubi taswirar, ya ce, "Ikon Allah. Ni tafiya tana rage ni, kai tana ƙara ka."

"Tsoka ce, Malam. Taɓa ka ji."

"A'a, na gode. Daga nan ma ina ganinta."

Ana wata ga wata. Tanimu mutum ne mai riƙon amana, amma sirrin da ya shiga teburin mai shayi ya zama na gari. Ba a jima ba ya fara dawowa da saƙonni. Mutanen wani ƙauye sun ce a gaya wa injiniya su sai sun hau tudu suke samun kira. Wata tsohuwa ta ce a duba mata, muryar ɗanta da ke Fatakwal tana yankewa. Celestine yakan gyaɗa kai ya ce, "Ka ce musu muna kan aiki."

Da ya yi shiru daga nan, wataƙila da ya sha. Ranar ƙarshe ta gasar, Asabar kafin Lahadin ganyen dabino, doka ita ce kowa ya bi hanyar da ya so tun da safe, a dawo gaban kyamis da tsakar rana, a haɗa lissafi. Celestine yana gaba, Malam Othniel na bin sa a kusa. Amma cin nasara kawai bai ishe shi ba, so yake a yi wa mita jana'iza a gaban jama'a. Ana gobe ranar ƙarshen ya tsaya a tsakiyar kyamis ya ce, "Gobe Giwa zan je in dawo. Kuma ba sai kun jira na ba ku labari ba. Wayata tana iya nuna inda nake kai tsaye. Dokta, ka fito da talabijin waje ka haɗa, kowa ya zauna ya kalle ni ina tafiya. Malam, kwalin ashanarka zai iya wannan?"

"Ba zai iya ba," in ji Malam Othniel.

"Ku dai shaida ne."

Bai tsaya nan ba. Ya je ya ɗauko 'yan badujala, masu ƙaho da ganga, ya ce da zarar sun ga ɗigon da ke talabijin ya shigo layin, su saki kiɗa, kada su jira umarnin kowa. Ya sa Maman Dabere ta gayyato matan zumunta na cocinsu. Hausawa dai sun ce baki shi ke yanka wuya.

Da safe Dokta da kansa ya karɓi wayar ya daddanna, wani shuɗin ɗigo ya fito a talabijin, aka yi tafi. Ya kuma buɗe mata murya har ƙarshe, wai ko da wani abu zai faru a hanya. Celestine bai lura ba, yana can yana miƙa ƙafa a gaban mata. Ya hau, ya taka da ƙarfi har ya ɓace, ya shige lungunsa na Palladan.

"Yau har Giwa, Malam Tanimu. Kamfani ya matsa. Ka dawo nan kafin rana ta take."

"An gama, Oga."

Sai da Tanimu ya tafi sannan zaman ya fara yi masa tsawo. Ba waya, ba agogo, ba hanyar sanin inda shi kansa ya kai. Duk Sabon Gari sun san inda Celestine yake, ban da Celestine. Ya ci kwano ɗaya don kwantar da hankali. Ya ƙara na biyu don na farkon bai yi aiki ba. Da inuwa ta fara guntulewa sai ya fito bakin titi, ya kwara ruwan zufarsa, ya tsaya yana leƙe.

Can sai ga akwatin katako ya ɓullo daga wajen Samaru. Celestine ya ɗaga hannu yana murmushi. Tanimu ma ya ɗaga masa hannu da fara'a, ya ƙwala, "Sai mun haɗu a can, Oga!" Ya wuce fuu, ko birki bai taɓa ba.

"A can ina? Kai! Tanimu! Tsaya!"

Ina, ya yi gaba. Celestine ya faɗa kan keke ya bi shi. Tun da aka sayi keken nan bai taɓa taka shi da gaskiya irin ta ranar ba, ga kuma babu na'urar da za ta shaida. Farfesu kwano biyu yana kai da kawowa a cikinsa. Akwatin burodi sai ƙara ƙanƙancewa yake a gabansa. A Kwangila kaca ta zame, feda ta juya a banza, ya kusa sumbatar kan keken. Ya tare ɗan acaɓa, ya ɗora keken a cinya, taya ɗaya ta tokare masa haɓa.

"Bi mai burodin can! Ka kamo shi kafin Sabon Gari!"

"Sata ya yi?"

"Ka ja kawai!"

Ɗan acaɓa ya ja. Suka kutsa tsakanin motoci, tayar keken tana shafar madubin mutane, zagi na bin su kamar ruwan sama. Sun kamo shi kuwa, amma a daidai kwanar layin kyamis.

Kiɗa ya tashi. Ƙaho ya ɗauka, ganga ta amsa, matan zumunta suka rangaɗa guɗa, yara suka ruga da ganye a hannu. Shuɗin ɗigo ya shigo layi, jama'a suka dare biyu suka ba zakara hanya. Sai ga Tanimu ya shigo a natse, da akwatinsa, da ƙullin albasa a rataye a kan keke, da wani jan zakara ɗaure a saman akwatin. A bayansa kuma ga Oga Celestine a kan acaɓa, jiƙe sharkaf, keke a kwance a cinyarsa kamar mara lafiya.

"Juya! Juya!" yake raɗa wa ɗan acaɓa. Shi kuwa ya ɗauka biki ne, ya danna hon yana bin kiɗan har gaban talabijin.

Mai babban ƙaho ne ya fara yin shiru, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai ganga, da yake idonsa a rufe yake, sai da aka taɓa shi.

Tanimu ya sauka, ya buɗe akwati, ya ɗaga burodi, ya zaro wayar ya miƙa da hannu biyu. "Oga, ga injin auna sabis ɗinka. Mutanen ƙauye sun ce a ba injiniya wannan zakaran, ko Allah zai sa a tuna da su." Ya juya wajen mata. "Wace ce Madam? Ga albasarki."

Maman Dabere ta fito daga cikin matan zumunta, ta karɓa, ta duba. "Ta yi kyau. Sannu da hanya, Malam."

Dokta ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Oga Cele, muna sauraro."

Ko a nan bakin bai mutu ba. Celestine ya sauko, keke ya faɗi gefe, ya gyara tsayuwa. "Jama'a, ba ku san tsarin ba ne. A manyan tsere kowane gwani yana da mai ɗaukar masa kaya. Wannan yarona ne, shi ke ɗauko min waya."

"To kai wa ya ɗauko ka?" in ji Dokta.

"Ni ne," in ji ɗan acaɓa. "Daga Kwangila. Mutum ɗaya da keke ɗaya, kuma ba a sallame ni ba."

Wajen ya fashe. Mai wanki da guga ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wani ɗan badujala ya so ya busa ƙaho, dariya ta fita ta cikinsa.

Maman Dabere ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ga ɗigon ya tsaya a bakin kasuwar Giwa, na ce bari in kira mijina ya sayo min albasa tunda ta fi araha a can. Waya ta yi ta ƙara, sai wannan bawan Allah ya ɗauka, ya ce mutane sun dame shi wai burodinsa na waƙa. Na tambaye shi ina Oga, ya ce ai Oga kullum yana Palladan wajen mai farfesu, can yake jiran injin. Na ce to, Oga ya ce yau a kawo injin gaban kyamis." Ta juyo ta dubi mijinta, idonta ya kawo ruwa. "Baban Dabere, tun tsakiyar azumi nake durƙusawa ina gasa maka ƙafa. Ashe ƙafar wani ya kamata in gasa. Ni tsoro nake kada ka faɗi ka mutu ka bar ni, kai kana can kana tsotsar ƙashi."

Kunya ta rufe Celestine, ya ji da ma kwatar Palladan ce ta sake karɓarsa.

Ana cikin haka Malam Othniel ya iso a hankali kamar kullum, ya jingine keke, ya ciro mita ya miƙa. Aka ba shi labari a taƙaice, bakuna goma a lokaci guda. Dokta ya shiga ya ciro usur daga ƙusa ya nufo shi da shi. Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Dokta. Doka ta ce wanda ya fi kowa tafiya, kuma na'ura ta shaida. Na'ura ta shaida, ba ta yi ƙarya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ni kuwa ban kai wannan mutumin gudu ba." Ya nuna Tanimu.

Tanimu ya dubi hagu ya dubi dama. "Ni? Me zan yi da shi?"

"Gaba za ka shiga ranar Litinin ɗin Ista, mu bi ka."

"Da akwatina?"

"Da akwatinka. Duk garin zai fito."

Tanimu ya yi ɗan lissafin cinikin da ke cikin duk gari, ya karɓi usur ya busa. Ƙarar ta ratsa layin, ta ratsa Celestine har ƙashi. Yana tsaye yana kallo aka rataya jar igiyar a wuyan mai burodi, zakaran da aka aiko wa injiniya na fisge-fisge a hannunsa, ɗan acaɓa na jan rigarsa.

Ranar Litinin ɗin Ista Sabon Gari ta fito ƙwanta da kwarkwatarta. Tanimu na gaba yana busa usur, yana tsayawa inda ya ga dama ya miƙa burodi, ƙungiya duka ta tsaya ta jira shi. Can a ƙarshen layi, bayan kowa, Oga Celestine ne ke tafe yana haɗa gumi na gaske. A bayansa kuma acaɓa ce ke binsa a hankali, Maman Dabere a zaune, wayarsa a cikin jakarta.

Wani ya ƙwala daga bakin titi, "Oga Cele, yaya aka yi kana baya?"

Celestine ya rage taki, ya ɗaga yatsa. "Ba ku san tsarin ba ne. Babban shugaba a baya yake tafiya, kamar makiyayi. A ƙasashen da suka ci gaba..."

"Baban Dabere," in ji matarsa daga kan acaɓa, "bakinka ya je Giwa ya dawo. Saura ƙafar. Taka."